Wane Ne Ba Ka So Ya Gan Ka a Haka?

Ni na fara ganin ta. Ina so a rubuta wannan tun kafin a shiga wata magana, domin ranar da aka yi taron sallamarta a jami'a ina zaune a kujerar baya, ina jin manyan malamai suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shi ya gano ta. Wani ya ce shekara ashirin da sanin ta, wani ya ce talatin. Na yi shiru ne kawai don ba a miƙo min abin magana ba. Ni shekara talatin da bakwai ke nan, tun tana ɗaliba siririya mai takalmin roba, tana rungume da fayil kamar za a ƙwace mata. Na ga abin da za ta zama ina kwance a gadon asibiti da ƙafa ɗaya, a makon da malaminta da kansa ya kayar da ita a jarrabawa.

Ban yi boko ba. Ko sunana ban iya rubutawa ba, kuma ban taɓa sunkuyar da kai a kan haka ba. Haƙar rijiya ce sana'ata. Rijiya sittin da ɗaya na haƙa da hannuwan nan, biyu suka rufta da ni, duka biyun na fito da raina. Ta farko ta bar min tabo a kafaɗa, ta biyu ta karɓi ƙafata ta dama daga ƙasan gwiwa. Waɗanda muka riƙe igiya tare duk sun riga ni gidan gaskiya. Ni ne nan na rage, ina faɗa, 'yata tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kar ta gyara min magana.

Wadda nake jinjina wa malama ce a sashen da ake koyar da aikin kula da jin daɗin jama'a, wato masu shiga tsakanin mutum da wahalarsa: majinyacin da aka sallama ba shi da inda zai nufa, tsohuwar da ba mai leƙa ta, gidan da ya rikice har ba a gaisawa. Shekara huɗu ake wannan karatu kafin a ba mutum digiri. Ita ba ta cikin masu manyan laƙabobi. Aikinta shi ne, idan ɗalibai sun gama cika kai da littafi, ta fitar da su waje, ta rarraba su asibitoci da gidajen marayu da unguwanni, ta riƙa bin sawunsu tana duba me suke yi wa mutane.

Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, duk wanda ya hau sama sai ta ji takunsa a ka. Bakwai da rabi take buɗe shi. Ta goge kujeru biyu, ta jona butar shayi, ta cire takalmin fita kunya ta sa wani mai faɗi da take ajiyewa a bayan ƙofa. Teburinta a jingine yake da bango, ba ya taɓa shiga tsakaninta da baƙo. Kujerar da aka ba ta ta fi ta baƙo tsawo, sai ta kira kafinta ya rage mata ƙafafu. Zuwa ƙarfe goma ba ka samun ta, tana can cikin rana, daga wannan motar haya zuwa waccan, tana neman wani ɗalibi da ta tura wani lungu. Da rana ta yi sanyi ta dawo ta zauna karanta rahotanninsu da jan biro, kuma kalma ɗaya ce ta fi yawa a bakin jan biron nan: koma. Har ɗalibai suka sa mata suna Malama Koma. A bayan idonta suke faɗa, suna zaton ba ta sani ba.

Ba su san inda kalmar ta samo asali ba. A gefen gadona aka haife ta.

Wata biyar na yi a ɗakin masu karaya bayan an yanke ƙafar. Da ciwon ya kama hanyar warkewa, asibiti ya buƙaci gadonsa, aka turo ɗaliba ta cike min takardar sallama. Ta tsaya a kaina da biro.

"Baba, sannu da jiki. Ni ɗaliba ce, an turo ni in yi maka 'yan tambayoyi."

"Yi."

Ta tambayi sana'a, ta tambayi inda nake kwana kafin tsautsayin. Na ce duk inda aiki ya kai ni. Sai ta ce, "Kana da wani naka da za a sanar? Mata, 'ya'ya, dangi?"

Na juya fuska bango na ce, "Ba ni da kowa."

Ta rubuta. Na ji ƙarar biron da kunnena. Ta yi godiya ta wuce gado na gaba.

Duk wanda ya daɗe cikin mutane ya san idan namiji ya juya wa bango fuska ya ce ba shi da kowa, ba ƙidayar dangi yake yi ba. Amma littafin da aka koya mata bai faɗi haka ba. An ce ta tambaya, ta tambaya. An ce ta rubuta amsa, ta rubuta.

Gaskiyar magana, ina da 'ya guda, tana aure a ɗaya ƙarshen garin, mota ɗaya za ka hau ka sauka a bakin layinsu. Bayan rijiyar farko ta rufta da ni, uwarta kuma ta rasu, sai ita da mijinta suka gina min ɗaki a gidansu. Ta kawo min makulli ta durƙusa ta ce, "Baba, ka bar shiga rami haka nan. Ƙasa ta yi maka gargaɗi sau ɗaya, ba za ta sake ba." Na ga kamar an ce na ƙare. Ni da ake zuwa nema daga nesa, ni za a zaunar a ɗaki ana kawo min abinci kamar mai jego? Na zazzage ta. Na ce ko rijiya ta cinye ni kar ta zo, ba na son ganin ƙafarta. Na ɗauki dagina da igiyata na tafi. Shekara biyu ba mu ga juna ba. Ga shi abin da ta faɗa ya faru daidai yadda ta faɗa. Da wane ido zan dube ta?

To, takardar nan ta tafi ofis, malamin ɗalibar ya sa hannu, aka yanke cewa ranar Litinin mota za ta zo ta kai ni gidan gajiyayyu. Na san gidan, na taɓa yashe musu rijiya. Wanda aka kai can ba ya fitowa da ƙafarsa, balle ni da ba ni da cikakkiyar ƙafar. Na ce a raina shi ke nan, gara in ruɓe a can da a ce min ai na faɗa maka.

Ranar Alhamis da hantsi ɗalibar ta dawo ta sanar da ni lokacin motar. Ta iske nas tana canza min riga. A wuyana akwai zare, a jikin zaren akwai makulli. Ta dube shi, ta faɗi saƙonta ta juya. Ina kallon ta har bakin ƙofa. Nan ta tsaya, ta daɗe a tsaye tana ba mu baya. Sai ta dawo.

Ta sa biro da fayil a jaka ta zuge. Ta jawo 'yar kujerar da masu jinya ke zama, ta zauna ƙasa da ni, ta ce, "Baba, an ce kai gwanin rijiya ne. Yaya ake sanin an kai ruwa?"

Wata biyar ba wanda ya tambaye ni wani abu ban da ina ke ciwo. Na gyara kwanciya. Na ce mata ai duk garin nan ba wanda ya kai ni, kuma gaskiya na faɗa. Na ce idan kana haƙa, wajen gaba biyar ko shida za ka ga ruwa ya tsattsafo, sabon shiga sai ya hau ihu an samu, an samu. Wannan ruwan sama ne da ya maƙale a yashi, wata biyu ya ƙafe, mai gida ya zo yana zaginka. Ruwan gaske yana ƙarƙashin marmara, sai ka daure ka fasa ta, ko da za ka yi sati kana saran tafin hannu ɗaya. Na yi ta zuba kusan awa guda. Ba ta katse ni ba, ba ta dubi agogo ba.

Ta bari na kai ƙarshe. Can ta ce, a hankali, "Baba, ba zan sake tambayar ka ko kana da kowa ba, ka riga ka ba ni amsa. Wata daban zan yi. Wane ne ba ka so ya gan ka a haka?"

Awa tara ƙasa ta danne ni ban zubar da hawaye ba. An yanke min ƙafa ban zubar ba. Ranar nan, a gaban yarinyar da ba ta kai 'yata ba, na yi kuka har mai gadon kusa ya ja mayafi ya rufe kansa don ya ba ni wuri. Na faɗa don gaskiya ce, kuma ban ga wanda ya isa ya yi min gori ba.

Na gaya mata komai. Ta ce, "Ka yarda in je?"

Na ce, "In kin je, ki ce mata ba ni na aiko ki ba."

Ta ce, "Haka zan ce, tunda haka ne."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, babbar nas ta ɗakinmu ce ta gani, ta zo ta ba ni labari tana riƙe da baki. Takardar da ɗalibar ta cike ita ce jarrabawarta ta fita aiki, an riga an duba an ba ta maki mai kyau, har an yaba mata saurin aiki. Ta je ta sami malaminta ta ce abin da ta rubuta ba daidai ba ne, a janye. Ya ce mutumin da bakinsa ya faɗa, ina laifinta? Ta ce laifinta ta karɓi amsar farko ta wuce. Ya ce ta yi tunani, idan aka janye takarda bayan an sa hannu, dokar sashe ita ce ta faɗi, sai ta maimaita shekara. Ta ce, "Malam, ka kayar da ni, amma a tsayar da motar."

Aka kayar da ita, aka tsayar da motar. 'Yan ajinsu suka sa rigar kammala karatu suka ɗauki hoto, ita tana nan tana sake zagaya gadaje.

Ranar Lahadi da rana 'yata ta shigo, ɗalibar na biye da ita daga nesa. Ta tsaya a ƙarshen gado tana kallon inda mayafi ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Kin zo ki ce kin faɗa min?"

Ta ce, "Na zo in ce ɗakinka yana nan, Baba. Duk sati nake share shi."

Na ciro zaren daga wuyana ina nuna mata makullin. Ta ce, "Ban canza kwaɗon ba."

Mai rubutun ta ajiye biro tana share ido. Ɗauki mana, ba mu gama ba.

A ranar, a gaban 'yata, na kira ɗalibar na ce, "Ke, zo nan. Na haƙa rami da mutane da yawa, na san wanda ke komawa ƙasa idan ya ga bai kai ba. Za a ji ki." Ta yi murmushi ta ce Baba sai tsokana. Wannan ne abin da nake nufi da na ce ni na fara ganin ta. Lokacin ba mai digiri ko ɗaya da ya ga komai a jikinta sai jan biro.

Bayan ta gama karatu, ta yi aiki wasu shekaru a asibitin, sannan jami'a ta ɗauke ta. Daga nan ta fara mayar da ɗalibai. Wani dogo mai tabarau, wanda yanzu ake tashi tsaye idan ya shigo ofis, ya taɓa rubuta cewa wata tsohuwa mai taurin kai ce, ta ƙi shan maganin hawan jini. Malama ta rubuta masa koma. Ya koma ya dawo ya ce ya yi mata nasiha sosai. Ta ce ba nasiha ta aike shi ba, ya koma. A na uku ya zauna ya rufe bakinsa, sai ya ga tsohuwar ta ɗauki kwalbar tana ta murɗa murfi da yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwashe, ta kasa, ta ajiye ta ce ai ba ta jin shan shi yau. Wata uku ba ta iya buɗewa, kunya ta hana ta faɗa. Shi da kansa ya ba da labarin nan a gabana, ya ce ranar ya fara karatu.

Wata ɗaliba kuma ta ɗauki sirrin gidan da aka tura ta tana ba ƙawarta a cikin mota, ana dariya, ba ta san Malama na zaune a baya ba. Malama ba ta yi mata faɗa a gaban mutane ba. Washegari ta kira ta ɗakin ƙarƙashin bene ta ce ta ba ta labarin abin da ya fi ba ta kunya a gidansu. Ɗalibar ta ce ba za ta iya ba. Malama ta ce, "Su sun iya, don sun ɗauka ke rijiya ce mai murfi." Ku lura da kalmar. A wurina ta samo ta.

Ni kuwa sai ta mayar da ni jarrabawa. Shekara ashirin da tara, duk shekara sai ta kawo min 'yan aji uku, ɗaya bayan ɗaya, su shigo ɗakina su yi min tambayoyi, ita tana zaune a tsakar gida da 'yata suna hira. Muka yi yarjejeniya: in yi musu yadda majinyata ke yi, in ɓoye, in kauce, in juya fuska bango. Na fi wasu malamansu kayar da ɗalibai, kuma ban taɓa zaluntar kowa ba. Mai haƙuri yakan samu. Mai sauri yakan fita da ruwan yashi a takardarsa.

Akwai wani mai wayon tsiya da ya ji labarin tambayar nan daga na gaba da shi ya haddace. Ko sallama bai gama ba, ko zama bai yi ba, ya ce, "Baba, wane ne ba ka so ya gan ka a haka?"

Na ce, "Kai."

Na nuna masa ƙofa da sandata. Malama ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta zaunar da shi ta ce tambayar ba laya ba ce. Sai ka ajiye biro, ka zauna ƙasa da mutum, ka bar shi ya nuna maka abin da ya iya, sannan wataƙila ka cancanci yin ta. Wani ma ba ita yake buƙata ba, wata ce da sai ka zauna za ka gano.

Duk wannan bai sa an ɗaga ta ba. An ce ba ta rubuta takardun da ake ƙirgawa kafin a ƙara wa malami girma ba. Yaushe za ta rubuta, tana kan titi? Waɗanda ta mayar sau uku suka zo suka wuce ta, suka hau benen da take zaune a ƙarƙashinsa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ni ne mai yi mata, ita tana cewa Baba ka bari.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a ɗauko biro.

Wata bakwai ke nan da taron sallamarta. Tun daga ranar ta ɗauke ƙafa. Matar da ba ta wata guda ba ta leƙo ni ba, sai saƙon gaisuwa ta waya, tana cewa hutawa take. Na ce wa 'yata wannan ruwan yashi ne, kai ni. Muka je da hantsi. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kaɗai ce a gidan. Ta buɗe ƙofa tana fara'a, tana min sannu da zuwa, amma idonta na kan kafaɗata, ba kan fuskata ba. Ta kawo shayi, ta zuba rabi a kofi rabi a faranti, ba ta sani ba. Takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba ne. A kan teburi akwai katin asibiti, na yi wa 'yata ishara ta duba. An ba ta ranar aikin ido sau uku, sau uku ba ta je ba.

 Na jingine sandata, na sauko daga kujera na zauna a kan tabarma, da ƙyar, don ƙafar roba ba ta son ƙasa. Na ce ta ba ni labarin ɗalibin da ya fi ba ta wahala. Ta yi ta bayarwa, tana dariya, kusan awa guda. Na bari ta kai ƙarshe.

Na ce, "Malama, me likita ya ce?"

Ta ce ido ɗaya ya kusa tafiya, ɗayan za a iya ceto shi idan an yi aikin kafin wata biyu. Amma bayan aikin sai an sami mai zama da ita sati shida, mai ɗiga mata magani a kan lokaci, mai riƙe hannunta zuwa asibiti. An tambaye ta wa za a rubuta. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ka san amsar da na ba su, Baba."

Na ce, "Na sani, ni na ƙirƙiro ta. Kuma ba zan tambaye ki ko kina da kowa ba. Wane ne ba ki so ya gan ki a haka?"

Ta rufe fuska da gefen mayafinta.  Sannan ta ce, "Ɗalibaina." Ta ce shekara talatin tana koya musu yadda ake riƙe hannun mutum ba tare da an karya masa zuciya ba, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa nata za a riƙe ba.

Na ce, "Kin yarda in je?"

Ta ce, "Da wace ƙafar?"

Na ce, "Da baki. Shi ba a yanke ba."

Ta yi dariya cikin hawaye ta ce in faɗa, amma in ce ba ita ta aiko ni ba, kuma kar in ƙara gishiri. To na faɗa: ba ita ta aiko ni ba. Da izininta nake tona wannan, don ita ta koya min ba a buɗe murfin mutum sai ya yarda. Gishiri kuwa ban ƙara ba, maganar ba ta buƙata.

Malama, 'yata za ta karanta miki wannan, don haka ki saurara. Ke ce kika tsaya a bakin ƙofa kika dawo. Ke ce kika ba da shekara guda ta ƙuruciyarki don wani tsoho mai girman kai da ko godiyar kirki bai iya ba. Shekara talatin da bakwai da na yi a ɗakina, jikokin da na goya a cinya ɗaya, surukin da na zauna da shi lafiya har ya rasu a hannuna, duk daga zaman nan da kika yi a 'yar kujera suka fito. Mai rage ƙafar kujera, mai fasa marmara. Na gode. Allah Ya mayar miki da ganinki, Ya saka miki da abin da mu ba mu isa mu saka ba.

Ku kuma da kuka bi ta ɗakin ƙarƙashin bene, ku ɗari nawa ne ban sani ba, amma fuskokinku na sani, don a gabana kuka yi gumi. An sa aikin ranar Talata ta farkon watan gobe, ƙarfe takwas na safe, a asibitin da ta riƙa kai ku. 'Yata ta ɗauki satin farko. Saura biyar. Ba taro ake so ba, ba jawabi ba, an yi wannan an gama. Mutum ake so ya zo ya ajiye biro da laƙabinsa a jaka, ya zauna ƙasa da ita, ya ɗiga mata magani. Idan ta ce muku ba komai, ta gode, ku tafi abinku, kun san abin da jan biron ya ce. Masu karatun yanzu da ba su same ta ba, su zo su ga yadda ake yi, ya fi musu wani littafin.

Wanda yake ganin tsoho ne ke surutu, ƙofata a buɗe take. Ya zo in kwance masa ƙafar ya ɗauka ya ji nauyinta, in ba shi makullin wuyana ya sa a kwaɗon da hannunsa ya ga ko zai buɗe. Wanda ya ce ya riga ni ganin ta, ya kawo shaidarsa, tawa ga ta nan riƙe da biro. Ranar Talatar nan kuwa, tun kafin a buɗe ƙofar ɗakin aiki ina kan bencin da ke fuskantar ta, ni da sandata, ina duba masu shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na haura tamanin, ƙafata ɗaya, kuma zan riga ku zuwa. Mai ƙafa biyu da ya isa, ya zo ya ƙaryata ni.